Awartakin da Ke Ƙera Awartaki: Yadda Ake Gina Kwamfaila Daga Tushe

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa ba a ɗaukar jan ƙarfe da hannu, sai da awartaki. To, shi kansa awartakin ƙarfe ne, a wuta aka gasa shi, kuma da wani tsohon awartaki aka riƙe shi lokacin da ake dukansa. Irin wannan al'amari ne ke faruwa a duniyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, duk lokacin da aka tashi gina manhajar da ake kira kwamfaila.

Mene ne Kwamfaila?

Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai na lambobi, wato jerin sifiri da ɗaya. Shi kuwa ɗan Adam yana rubuta umarninsa ne da harsuna irin su C da C++ da Fortran, waɗanda ido zai iya karantawa. Wannan rubutu shi ake kira rubutun tushe. Kwamfaila ita ce tafintar da ke tsakani: tana karɓar rubutun tushe, ta mayar da shi harshen na'ura. Matsalar ita ce, kwamfaila ma manhaja ce, kuma rubutun tushenta yana buƙatar tafinta kafin ya yi aiki.

Kwamfailolin farko, kamar ta Fortran da ayarin John Backus ya kammala a kamfanin IBM a shekarar 1957, an rubuta su ne da harshen da ke dab da na na'ura, cikin wahala mai yawa. A shekarar 1962 Tim Hart da Mike Levin na cibiyar MIT a Amurka suka rubuta kwamfailar harshen Lisp da harshen Lisp ɗin kansa, har ta fassara kanta. Wannan hanya ce ta zama al'ada. Misali mafi shahara shi ne GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a shekarar 1987, kuma kowa yana da izinin ɗaukar rubutun tushenta ya gina da kansa. Da harshen C aka rubuta ta, amma tun daga fitowa ta 4.8 a shekarar 2013, sai da kwamfailar C++ ake iya gina ta.

Kowane Gari da Al'adarsa

Da a ce dukkan kwamfutoci iri ɗaya ne, da aikin ya zo da sauƙi. Sai dai sun bambanta ta fuskoki da dama. Da farko, ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, iri-iri ce: umarnin da samfurin x86 na kamfanonin Intel da AMD ke ganewa daban yake da na samfurin ARM da ke cikin yawancin wayoyin hannu. Na biyu, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura tana da nata tsarin ajiye manhaja: Linux na amfani da tsarin ELF, macOS na amfani da Mach-O, Windows kuwa na amfani da PE. Na uku, ma'auni ma yakan saɓa. Alal misali, nau'in lambar da harshen C ke kira long yana cin gurbi 64 a kan Linux na zamani, alhali gurbi 32 kacal yake ci a kan Windows, ko da kuwa furosesar iri ɗaya ce. Manhajar da ta ɗauka cewa ko'ina haka yake za ta yi lissafin kuskure ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Saboda haka ne aka ba kowane tsari suna mai gaɓoɓi, wanda ke bayyana furosesa da babbar manhaja. Sunan x86_64-pc-linux-gnu yana nufin kwamfutar tebur mai ɗauke da Linux, shi kuwa arm-none-eabi yana nufin furosesar ARM da ba ta da babbar manhaja ko kaɗan.

Tambaya Kafin Gini

Baƙon da ya sauka a gari yakan tambayi al'adar mutanensa kafin ya buɗe baki. Wannan shi ne aikin wani rubutaccen umarni mai suna configure, wanda ke zuwa tare da rubutun tushen GCC. Ana samar da shi ne da manhajar Autoconf, wadda David MacKenzie ya fara rubutawa a shekarar 1991. Dabararsa ita ce gwaji: yakan rubuta 'yar ƙaramar manhaja, ya ba tsohuwar kwamfailar da ke kan na'urar ta fassara, ya duba abin da ya fito. Da ɗaruruwan gwaje-gwaje irin wannan yake gano ko akwai wani fayil, ko wani aiki yana gudana yadda ake zato, ko girman wata lamba nawa ne.

A nan ne kuma mai gini ke faɗin abin da yake so. Da zaɓin --prefix yake nuna foldar da za a girke sabuwar kwamfaila, domin kada ta danne wadda na'urar ke dogaro da ita. Da --enable-languages yake zaɓar harsunan da yake buƙata, abin da ke rage tsawon aikin ƙwarai. Masu kula da GCC suna ba da shawarar a yi ginin a wata folda dabam da ta rubutun tushe. Har ila yau, dole ne a tanadi taskokin lissafi guda uku, GMP da MPFR da MPC, waɗanda GCC ke amfani da su wajen warware wasu lissafe-lissafe tun lokacin fassara, ta yadda amsar za ta zama ɗaya a kowace na'ura.

Kowane tsari yana da nasa tarko. A kan Linux, gini yakan tsaya idan GCC ta nemi tanadar hidimar manhajoji masu gurbi 32 alhali babu fayilolinsu a na'urar. Maganin shi ne a girke su, ko a yi amfani da zaɓin --disable-multilib. A kan macOS, umarnin da ke amsa sunan gcc a haƙiƙa wata kwamfaila ce mai suna Clang, saboda haka ita ce za ta zama tsohon awartaki. Windows kuwa ba ta zuwa da yanayin Unix da configure ke buƙata, sai an shimfiɗa mata shi da manhajoji irin su Cygwin ko MSYS2.

Gini Hawa Uku

Idan configure ya gama, yakan bar jerin umarni ga manhajar make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a shekarar 1976. Ita ce sarkin magina: ta san abin da ya kamata a fara da abin da zai biyo baya. Aikin yakan ɗauki daga mintoci masu yawa zuwa sa'o'i, gwargwadon ƙarfin na'ura, domin sau uku ake gina GCC.

A hawa na farko, tsohuwar kwamfaila ce ke fassara rubutun tushen sabuwar. A hawa na biyu, wadda aka samu a hawan farko ita ke sake fassara rubutun. A hawa na uku, ta biyu ta sake fassara shi. Daga nan sai a gwada fayilolin hawa na biyu da na uku, lamba da lamba. Hikimar ita ce: ta farko da ta biyu duk daga rubutu ɗaya suka fito, don haka tunaninsu ɗaya ne, ko da yake magininsu daban. Tafintoci biyu masu tunani ɗaya, idan aka ba su rubutu ɗaya, wajibi ne fassararsu ta zo daidai. Idan aka sami saɓani, to akwai aibi, ko dai a tsohuwar kwamfaila ko a sabuwar, kuma nan take ginin ke tsayawa. Bayan an tsallake wannan, akan gudanar da dubban gwaje-gwaje da umarnin make check, sannan a girke ta da make install.

Gina wa Wata Na'ura

Akwai na'urorin da ba za su iya ɗaukar kwamfaila ba. Allon Arduino Uno da ɗaliban injiniya ke amfani da shi yana da ma'ajiyar aiki ta kilobayit 2 kacal. Irin wannan sai dai a fassara masa manhaja a kan babbar kwamfuta a tura masa. Don haka configure ke bambanta na'urori uku: wadda ake yin ginin a kanta, wadda sabuwar kwamfaila za ta zauna a kanta, da wadda za a riƙa yi wa fassara. Idan ta ukun ta bambanta, an sami kwamfailar tsallake. Idan kuwa duka ukun sun bambanta, ana kiran aikin tsallaken Kanada, saboda a lokacin da aka laƙaba sunan ƙasar Kanada tana da manyan jam'iyyun siyasa uku.

Kwamfailar tsallake ba ta samun gini hawa uku, tun da abin da ta fassara ba zai gudana a inda take ba. Bugu da ƙari, tana buƙatar taskar ayyukan C ta waccan na'ura, ita kuma taskar sai da kwamfaila ake gina ta. Yadda ake warware wannan ƙulli shi ne a fara gina kayan haɗi na binutils, sai ƙaramar GCC marar cikakken ƙarfi, a yi amfani da ita a gina taskar, sannan a dawo a gina cikakkiyar.

Batun Amana

Gwajin hawa uku yana kama kuskure, amma ba ya kama ha'inci. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya bayyana haka a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing, wanda aka buga a shekarar 1984. Ya nuna cewa za a iya koya wa kwamfaila dabaru biyu: ta dasa ɓoyayyar ƙofa a duk lokacin da take fassara manhajar da ke tantance kalmar sirri, kuma ta sake dasa waɗannan dabaru a duk lokacin da take fassara kanta. Daga nan sai a goge alamar daga rubutun tushe. Mai bincike zai karanta rubutun ya same shi fes, alhali cutar tana bin jini daga uwa zuwa 'ya, kuma hawa na biyu da na uku za su yi daidai domin duka sun kamu.

Masana sun bi hanyoyi biyu don magance wannan. David A. Wheeler, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar George Mason a shekarar 2009, ya tabbatar da cewa idan aka fara ginin da wata kwamfaila ta dabam wadda ba ta haɗa dangi da wadda ake zargi ba, aka gwada sakamakon, ha'incin zai fito fili. Hanya ta biyu ita ce a koma ga awartakin farko. A shekarar 2023 masu aikin GNU Guix suka sanar cewa sun gina dubban manhajojinsu ta hanyar sarƙar da ta faro daga wata 'yar manhaja mai bayit 357, wadda mutum zai iya bincikawa da idonsa. Ita ke gina wadda ta ɗan fi ta, har a kai ga GCC, ko da yake aikin yana gudana ne a kan babbar manhajar da aka riga aka gina.

Kammalawa

Yawancin masu amfani da kwamfuta suna karɓar kwamfaila ne a gine, kuma hakan ya wadatar da su. Amma ɗalibin da ya zauna ya gina ta da hannunsa, ya ga inda configure ya yi tuntuɓe, ya gano dalili, ya gyara, zai san na'urarsa sanin da karatu kaɗai ba ya bayarwa. Zai kuma fahimci cewa manhajar banki da ta asibiti da ta wayar da ke aljihunsa duk ta hannun wata kwamfaila suka biyo, kuma ingancinsu yana rataye da ingancin wadda ta gina ta.