Ba Kowane Farfesa Ne Masanin Dimokuraɗiyya Ba

Tun da aka rantsar da Farfesa Joash Amupitan a matsayin shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, a watan Oktoban 2025, ake ta ce-ce-ku-ce a majalisun hira da gidajen rediyo. Wasu na cewa an dace, tunda an ɗauko masani. Wasu kuma na cewa ai farfesoshin nan su suka kashe mana zaɓe. A ganina duk ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Farfesa dai matsayi ne a fanni guda. Malami zai shekara yana koyarwa da bincike, a tura rubuce-rubucensa ga manyan masana na wasu jami'o'i su auna, sannan a ba shi kujerar. Amupitan masanin shari'a ne daga Jami'ar Jos. Mahmood Yakubu, da ya riƙe hukumar daga 2015 zuwa 2025, tarihi ya karanta. Maurice Iwu, wanda ya gudanar da zaɓen 2007, fanninsa magungunan da ake samu daga tsirrai ne. Tsarin mulki ma bai ce sai farfesa ba. Shugaban ƙasa ne ke zaɓar wanda yake so, ya tuntuɓi Majalisar Magabata, 'yan majalisar dattawa su tantance, shi ke nan.

Masanan siyasa na ainihi da suka riƙe kujerar su ne irin su Eme Awa da Humphrey Nwosu da Attahiru Jega. Nwosu ya shirya zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda har gobe ake yabon ingancinsa, amma gwamnatin Babangida da ta naɗa shi ta soke zaɓen, iliminsa bai hana komai ba. Jega ya kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance masu zaɓe a 2015, kuma a zamaninsa ne ɗauko shugabanni da malaman jami'o'i su tattara sakamako ya zama al'ada. Wanda ya kalli talabijin ranar da tsohon minista Godsday Orubebe ya riƙe makirfo yana ta ihu a zauren tattara sakamako na Abuja, Jega na zaune bai ko ɗaga murya ba har mutumin ya gaji, ya san natsuwar shugaba na da rana. Sai dai al'adar ɗauko malaman jami'a ce kuma ta kawo Farfesa Peter Ogban, masanin ƙasar noma na Jami'ar Kalaba, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin shekara uku a 2021 saboda ya murɗe alƙaluman zaɓen sanata a Akwa Ibom.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masana sun daɗe da faɗa mana inda gizo ke saƙar, mu ne muka toshe kunne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da aibu. A 2007 ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe mai mutum 22 a ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, kuma Jega na cikinsu. A watan Disambar 2008 suka miƙa rahoto. Shawararsu mafi nauyi ita ce a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa: majalisar kula da harkokin shari'a ta tallata kujerar, kowa ya nema, ta tace mutum uku, Majalisar Magabata ta ɗauki ɗaya, majalisar dattawa ta amince. Sun kuma ce a kafa hukuma ta musamman da za ta hukunta masu maguɗi. Gwamnatin da ta kafa kwamitin ita ta fara yin watsi da batun naɗin, kuma duk waɗanda suka biyo baya, na PDP da na APC, babu wanda ya waiwaye shi. Hukumar hukunta masu maguɗi ma har yau tana kan takarda.

Haka muke yi wa cibiyoyin bincikenmu. A Gwammaja, cikin birnin Kano, akwai Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, kuma nan kabarinsa yake. Tun shekarar 2000 Jami'ar Bayero ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, Jega ma ya shugabance ta kafin ya zama shugaban jami'ar. A Zariya, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bar cibiyar CEDDERT. A irin waɗannan wurare ake bin diddigin yadda jam'iyyar NEPU ta tara talakawa tun daga 1950, da dalilin da ya sa mutane ke ƙin fita zaɓe, da yadda sayen ƙuri'a ke gudana a rumfa. 'Yan siyasa kuwa sun fi sanin Mambayya a matsayin zauren taro. Su zo da jiniya, su yi jawabi kan Malam, a ɗauki hoto, su wuce. Gwamnoni nawa ne suka ware kuɗin da za a ɗauki babban farfesa ya zauna shekara biyar yana nazarin zaɓen ƙananan hukumomi, inda jam'iyya mai mulki ke lashe kusan kowace kujera? Albashin da ake ba malaman bai riƙe su, ƙwararru na ta ficewa, mu kuma sai ranar zaɓe muke tunawa da su, mu ari sunansu mu rufe ɓarna.

'Yan majalisar tarayya su daina wasa da hankalin jama'a. Rahoton Uwais na nan, ba ya buƙatar sabon kwamiti, gyaran tsarin mulki yake jira. Ku kuma masu karatu, idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a a 2027, ku ajiye zancen atamfa da taliya, ku tambaye shi ina ya tsaya kan wanda zai riƙa naɗa shugaban INEC. In ya kasa amsawa, kada ku mayar da shi.