Hannu, Ruwa da Taɓo: Kimiyyar Riƙo daga Ƙotar Fartanya zuwa Ƙarfen Bindiga

Duk wanda ya taɓa zuwa gonakin Kademi da ke Ƙaramar Hukumar Gaya a lokacin noman farko, ya san wata al'ada ta manoma. Kafin manomi ya sunkuya, sai ya tofa ɗan yawu a tafin hannunsa, ya murza, sa'an nan ya kama ƙotar fartanya. Amma kuma idan ruwan sama ya jiƙa ƙotar, taɓo ya shafe ta, sai a ga shi manomin yana goge ta da gefen rigarsa. To, me ya sa danshi kaɗan ke ƙara riƙo, mai yawa kuma ya kawo santsi? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin gatari ko adda da ta suɓuce a tsakiyar damina kan kwantar da magidanci har a gama noma.

Asirin yana cikin abin da masana ke kira gogayya, wato turjiyar da ke hana abubuwa biyu da suka haɗu zamewa. Bafaranshen nan Amontons ya bayyana ƙa'idojinta tun 1699. Sai dai fatar ɗan Adam ba kamar dutse ko katako take ba. Idan ta bushe ƙayau, takan yi tauri, ta taɓa abu a wurare ƙalilan kawai. Danshi kaɗan kan tausasa ta, ta kwanta sosai a jikin ƙota, riƙo ya ƙaru. Idan kuwa ruwa ya yi yawa, sai ya shimfiɗu tsakanin fata da ƙota, ya raba su. Taɓo ya fi ruwa muni, domin ƙananan ƙwayoyin yumɓu suna sulɓi a kan juna, mai kuma ya fi su duka, tun da fata ba ta shanye shi da sauri.

Allah Ya tanadar wa hannu hanyoyin magance wannan matsala. Da farko, tafin hannu ba shi da kafofin fitar da maiƙo irin na fuska, amma yana da ɗaruruwan kafofin gumi a kowane murabba'in santimita. Na biyu, akwai zanen yatsu. A 2009 Warman da Ennos na Jami'ar Manchesta sun gano cewa zanen yana rage faɗin fatar da ke taɓa busasshen abu mai sulɓi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Binciken da ya biyo baya ya nuna amfaninsa yana ga daidaita danshi: kwarin da ke tsakanin layukan kan zama magudanar ruwa idan ya yi yawa.

Na uku shi ne jijiyoyi. A 1984 Johansson da Westling na Jami'ar Umeya a ƙasar Suwidin sun sa mutane ɗaga wani abu da aka lulluɓe da sanfefa, ko fata mai laushi, ko siliki. Sun ga cewa hannu na ƙara matsa gwargwadon santsin abin, kuma da zarar ya fara zamewa, yatsu kan ƙara damƙa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun kafin mutum ya farga. Wannan ne ya sa masu fama da kuturta ko ciwon sukari da ya taɓa jijiya ke yawan sakin kaya, ko da ƙarfinsu bai ƙare ba.

Hatta yanƙwanewar yatsu bayan daɗewa a ruwa aikin jijiya ce, domin tun shekarun 1930 likitoci suka lura cewa yatsan da jijiyarsa ta yanke ba ya yanƙwanewa. A 2013 masana a Jami'ar Niyukasul sun ba da rahoton cewa yatsu yanƙwanannu sun fi saurin ɗaukar jiƙaƙƙun abubuwa, ko da yake wani gwaji a Jamus a 2014 bai sami wannan bambanci ba.

Maƙera sun daɗe da koyi da hannu, kuma ƙasar Gaya ba baƙuwa ba ce ga ƙira, domin tarihin baka ya ce daga nan Abagayawa suka tafi Dutsen Dala neman tama. Misali mafi bayyana a ƙirar zamani shi ne ƙaramar bindigar hannu irin ta 'yan sanda da sojoji. Samanta akwai wani marufin ƙarfe da ake ja baya da yatsu, alhali sifirin mai ƙarfi na tura shi gaba. Ƙarfe ba ya shan ruwa kamar itace, ga kuma man da ake shafa masa. Don haka John Browning, a bindigar Colt da sojan Amurka suka karɓa a 1911, ya yi wa bayan marufin tsaga-tsaga a jere. Tsokar yatsa kan nutse cikin tsagar ta sami madogara, ruwa da laka kuma su sami wurin gudu, daidai da aikin zanen tayar mota a kan jiƙaƙƙen titi. Mallakar irin wannan makami ba tare da izini ba laifi ne a dokar Nijeriya, amma darasin ƙirarsa na kowa ne.

Ga manomi, darasin a fili yake. Ƙotar da aka shafa wa fenti ta fi ta tsuran itace santsi. Naɗa mata tsirkiyar fata na samar da tudu da kwari irin na zanen yatsa. Sai dai kaushi idan ya wuce kima yakan jawo bororo kafin hannu ya yi kanta.

Malamai na iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A cika kwalba da yashi, ɗalibi ya ɗaga ta da yatsu biyu busassu, sa'an nan da ɗan danshi, sa'an nan jiƙe sharkaf, daga ƙarshe da taɓo. A rubuta daƙiƙa nawa ya iya riƙe ta a kowane hali. Ɗan manomin da ya yi wannan gwaji zai koma gida ya tarar mahaifinsa ya riga shi sanin amsar, shi kuma ya zo masa da dalilinta.