Harshe, Addini da Zamantakewar Mutanen Bolibiya

1.0 Gabatarwa

Bolibiya tana daga cikin ƙasashen Kudancin Amurka waɗanda 'yan asalin ƙasa suke da yawa a cikinsu. A shekarar 2009 tsarin mulkinta ya amince da harsuna 37 a matsayin harsunan hukuma, wato Sifaniyanci da harsunan gargajiya 36. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin al'adu da addini da zamantakewar mutanen ƙasar ta hanyar kalmomin da su kansu suke amfani da su. Za a nuna cewa manyan harsunansu sun jure wa danniya ta fiye da shekara 400 saboda aikin da suke yi a gona da wurin ibada da harkar zumunci, kuma raguwar wannan aiki a birane ita ce matsalar da doka ba ta kai ga warwarewa ba.

Wajen karanta misalan da za su zo, alamar ' tana nuna baƙi tunkuɗau, don haka k' daidai take da ƙ ta Hausa. Harafin q kuwa ana furta shi daga can maƙogwaro, kusa da ƙaf ta Larabci, j kuma tana kama da h mai kauri.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Bolibiya ta sami 'yanci daga Sifen a 1825, aka kuma raɗa mata sunan Simon Bolivar, jagoran yaƙin neman 'yancin yankin. Ba ta da gaɓar teku tun bayan yaƙin da ta yi da Chile daga 1879. Ƙidayar 2024 ta nuna cewa mutanenta sun haura miliyan 11. Ana iya kasa ƙasar kashi uku. Na farko shi ne tudun tsaunukan Andis a yamma, inda tafkin Titikaka yake a bisa tsawon kusan mita 3,800, kuma nan ne cibiyar Aimarawa. Na biyu shi ne kwarurrukan tsakiya, kamar Cochabamba da Sucre, inda masu jin Kechuwa suka fi yawa. Na uku shi ne ƙasar kwari ta gabas, inda Gwaranawa da ƙananan al'ummu masu yawa suke zaune, kuma a nan birnin Santa Cruz yake. Har ila yau, a yankin Yungas akwai jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, waɗanda aka sani da kiɗa da rawar saya.

Tarihin mulkin mallaka a wannan ƙasa ya rataya ne a kan azurfa. A 1545 Sifaniyawa suka sami labarin dutsen azurfa na Potosi, kuma a shekarun 1570 gwamnansu Francisco de Toledo ya tsara aikin tilas da ake kira mita, wanda yake ɗibar kashi ɗaya cikin bakwai na magidantan ƙauyuka zuwa ramukan haƙa kowace shekara. Asalin kalmar daga Kechuwa take, wato mit'a, ma'anarta karɓa-karɓa. Ke nan masu mulki sun ɗauki sunan wata al'ada ta hidimar jama'a suka liƙa wa bauta.

3.0 Tsarin Zamantakewa

Tushen zaman ƙauye a tsaunukan Andis shi ne ayllu, wato al'ummar da ta haɗa dangantaka da ƙasar noma da wuraren ibada. Ga wasu kalmomi da suke riƙe da wannan tsari:

(1) ayni: taimakon da ake ramawa da irinsa
(2) mink'a: aikin taro wanda ake saka wa da abinci ko amfanin gona
(3) jaqi: mutum
(4) chachawarmi: miji da mata a matsayin abu guda
(5) jilaqata: shugaban al'umma
(6) thakhi: hanya

Mink'a tana kama da aikin gayya a ƙasar Hausa. Ita kuwa ayni tamkar bashi ce: wanda ya taya ka yini guda a gona, ko ya kawo gudummawa ranar bikinka, yana jiran irin wannan ranar tasa. A wajen Aimarawa, aure ne yake mayar da saurayi ko budurwa jaqi, cikakken mutum mai bakin magana a taro. Daga nan ma'auratan suke shiga thakhi, wato jerin muƙaman hidima da kowane gida yake riƙewa bi da bi, tun daga ƙananan ayyuka har zuwa jilaqata. Ana riƙe muƙamin na shekara guda, miji da mata tare, kuma yana cin dukiyar mai shi, domin shi ne zai ciyar da jama'a a lokacin bukukuwa. Girma a wannan tsari yana samuwa ne ta hanyar abin da mutum ya kashe wa jama'a.

Nahawun Aimaranci ma yana ɗauke da alamun wannan zama. Akwai wakilin suna jiwasa, mu har da wanda ake yi wa magana, da kuma nanaka, mu ban da shi. Haka nan aikatau yana bambanta abin da mai magana ya gani da idonsa da abin da ya ji ko ya hasaso, kamar yadda Martha Hardman ta bayyana a nazarce-nazarcenta. Wannan ɗabi'a ta ratsa Sifaniyancin da ake yi a La Paz, inda ake amfani da wata siga ta shuɗaɗɗen lokaci don nuna abin da mutum bai shaida ba ko ya zo masa ba zato. Kalmar nayra kuma tana nufin ido da gaba da lokacin da ya wuce, qhipa tana nufin baya da lokaci mai zuwa. A tunaninsu, abin da ya wuce shi ne aka gani, saboda haka yana gaban mutum.

4.0 Addini

Mafi yawan mutanen Bolibiya Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Katolika, kuma ita ce addinin hukuma har zuwa 2009. Limaman farko sun fahimci cewa wa'azi ba zai shiga ba sai da harshen jama'a. Saboda haka, bayan taron limaman coci na uku da aka yi a Lima daga 1582 zuwa 1583, aka buga littafin koyar da addini a 1584 cikin Sifaniyanci da Kechuwa da Aimaranci. A 1612 Ludovico Bertonio ya wallafa ƙamusun Aimaranci a garin Juli, bakin tafkin Titikaka. Waɗannan ayyuka sun shigar da Kiristanci, amma sun adana harsunan, kuma tsofaffin aƙidu suka ci gaba da rayuwa a cikinsu.

4.1 Pachamama

Pachamama ita ce uwa ƙasa, wadda suka yi imani tana ba da amfanin gona. Watan Agusta ne lokacin da aka fi yi mata hadaya, kafin shuka. Ana shirya tire na alewa da ganyen koka da kitsen lama, dabbar nan mai kama da ɗan raƙumi marar tozo, sannan a ƙone shi. Mai jagorantar wannan shi ne yatiri, wato masani, daga aikatau yatiña, sani. Al'adar ch'alla kuwa ita ce yayyafa barasa a ƙasa ko a kan sabon gida ko sabuwar mota. A garin Copacabana, inda a 1583 aka girka gunkin Maryamu wanda Francisco Tito Yupanqui ya sassaƙa, direbobi suna kawo sababbin motoci limami ya sa musu albarka, sannan su yi ch'alla a ƙofar cocin.

4.2 Bukukuwa

Masu haƙar ma'adinai na Potosi da Oruro suna zuwa coci a sarari, amma a cikin rami suna ajiye ganyen koka da taba da barasa a gaban gunkin El Tio, wanda suke ɗauka shi ne mai arzikin ƙarƙashin ƙasa. Bikin Oruro, wanda hukumar UNESCO ta karrama a 2001, ya haɗa aƙidun biyu: masu rawa sanye da fuskokin shaiɗanu suna tafiya har cocin Maryamu ta bakin rami. Ranar 24 ga Janairu ake buɗe kasuwar Alasita a La Paz, inda mutum yake sayen ƙaramin samfurin abin da yake buri, gida ko mota ko takardar shaidar digiri, ya kai wa yatiri da limami duka biyu. A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba iyalai suna shirya wa mamatansu abinci, har da t'antawawa, burodi mai siffar jariri, daga t'anta, burodi, da wawa, yaro.

4.3 Harshen Kallawaya

Kallawaya masu maganin gargajiya ne daga arewacin jihar La Paz, waɗanda suke yawo ƙasa-ƙasa da saƙe-saƙinsu. Suna da harshen asiri na sana'a wanda nahawunsa na Kechuwa ne, yawancin kalmominsa kuwa daga Pukina, harshen da ya daɗe da mutuwa. Ba wanda yake tashi da shi tun yana goye. Ɗa yana koyonsa daga uba ko kaka tare da ilmin magani. Wannan shi ne misali mafi bayyana na yadda sana'a da ibada suke riƙe kalmomi bayan masu harshen sun ƙare.

5.0 Harshe da Hukuma

Bayan samun 'yanci, mulki ya tsaya a hannun masu jin Sifaniyanci. A 1931 Elizardo Perez da Avelino Siñani suka kafa makarantar Warisata bisa tsarin ayllu, amma ba ta daɗe ba aka durƙusar da ita. Juyin juya halin 1952 ya ba kowa ikon jefa ƙuri'a, dokar 1953 ta raba gonakin manyan masu ƙasa, makarantu suka bazu a karkara, sai dai da Sifaniyanci suke koyarwa. A 1984 gwamnati ta amince da daidaitaccen rubutu na Aimaranci da Kechuwa, a 1994 kuma dokar gyaran ilmi ta kawo koyarwa da harshe biyu. Evo Morales, Ba'aimare, ya riƙe shugabancin ƙasa daga 2006 zuwa 2019, kuma a zamaninsa aka yi tsarin mulkin 2009. Wannan tsari ya raba hukuma da addini, ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati sanin harsunan hukuma aƙalla biyu, ya kuma shigar da aƙidar Aimarawa ta suma qamaña, zama lafiya da mutane da muhalli, cikin ƙa'idojin ƙasa.

An sami canji a fili. Matan da suke sanya faffaɗan siket na pollera da 'yar malafa, waɗanda a da ake wulaƙanta su a wuraren taron birni, sun shiga majalisa da gidajen talabijin. Amma alƙaluma sun nuna wata fuska. A ƙidayar 2001, kimanin kashi 62 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa sama sun ce su 'yan wata al'ummar asali ce. A 2012 adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 41, ko da yake an sake lafazin tambayar. Iyalan da suka ƙaura zuwa El Alto ko Santa Cruz suna ci gaba da ch'alla da Alasita, amma da yawa daga 'ya'yansu da Sifaniyanci suke tashi, domin shi ne harshen neman aiki da jami'a. Daga cikin harsuna 36 da aka lissafa, wasu 'yan tsofaffi kaɗan suka rage musu, wasu kuma, kamar Pukina, ba su da kowa. Bugu da ƙari, sababbin coci-coci na masu bishara suna hana mabiyansu hadaya da barasa, wanda hakan yake janye su daga wasu hidimomin thakhi.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa al'ada da addini da zamantakewar mutanen Bolibiya a sarƙe suke, kuma harshe ne ya ɗaure su. Aimaranci da Kechuwa sun tsira a lokacin da hukuma ba ta san da zamansu ba, saboda da su ake neman ayni, da su ake naɗa jilaqata, da su yatiri yake aikinsa. Yanzu da doka ta ɗaukaka su, wuraren da ake buƙatar su a rayuwar yau da kullum suna ƙuntata. Abin da ya kamata mai nazarin manufofin harshe ya riƙa aunawa shi ne harshen da uwa take yi wa ɗanta magana da shi a El Alto, domin a nan ne za a gane ko tanadin 2009 ya kai gida.