Hattara 'Yan Kurmi: Kada Ku Bari Baƙo Ya Shiga Wayarku Daga Nesa

Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, ɗan kasuwa ya san ba a tashi sai an garƙame shago. To amma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, cinikin mai jakunkunan fata, mai turare da mai kayan doki ya koma cikin waya da kwamfuta, kuma a nan ne ake barin ƙofa a buɗe.

Akwai manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk, dukansu na kamfanonin Jamus, da ke ba mutumin da ke wani gari damar ganin fuskar na'urarka, har ya sarrafa ta. Aikinsu na halal ne, domin mai gyara yana Legas zai iya daidaita maka manhajar lissafin kaya. Abin lura shi ne wanda ka bari ya shiga.

Ga yadda 'yan damfara ke yi. Sai a kira ka da murya mai ladabi: "Ranka ya daɗe Alhaji, daga banki ne, asusunka ya samu matsala." A sa ka sauke manhajar, ka karanto lambobin da suka fito, ka danna amincewa. Shi ke nan. Duk abin da ya bayyana a wayarka ɗan damfarar yana kallo, har lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo. Irin wannan ta'asa ce ta sa Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar a 2019.

Kwamfutar shago ma ba ta tsira ba. Windows na da tata hanyar shiga daga nesa, kuma masu kutse kan bi intanet suna gwada kalmomin sirri masu sauƙi irin 1234. A 2019 an gano wata kafa da ake kira BlueKeep, wadda ke ba su damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Ga shi kuma tun Janairun 2020 Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro na kyauta.

Don haka ka ce wa mai gyaranka ya rufe wannan hanya ta shiga daga nesa idan ba ka buƙatarta. A daidaita kwamfutar yadda ba za ta buɗe ba sai da kalmar sirri mai tsawo, kuma yaron shago ya samu tasa daban. Idan za a yi maka gyara daga nesa, ka zauna kana gani, a goge manhajar da zarar an gama.

Banki ba ya neman shiga wayar kowa. In ka riga ka amince, kashe data nan take, ka garzaya banki a rufe asusun, ka canza lambobin sirri, sannan ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.