Tseren Mota a Kan Hanyar Jama'a: Darasi Ga Iyaye Mata

Uwargida, kin san yadda hanyar Kano zuwa Maiduguri take cika a Wudil ranar Juma'a: ga shanu, ga manyan motoci a kan gada, ga yara suna tsallakawa. A wannan hanyar ce wasu samarinmu suke wasa da mota da babur ranar ɗaurin aure. Ku zo mu ji yadda masu tseren na asali suka ƙare da irin wannan.

Da farko Turawa a kan hanyar jama'a suke tsere, daga gari zuwa gari. A 1902 aka sauya salo a ƙasar Beljiyam: aka ware hanyoyin karkara kusa da garin Bastogne, kewayen kilomita kusan 86, motoci suka zagaya sau shida. Amma ba a bar tsohon salon ba sai da aka ga gawa. A watan Mayu na 1903 aka tashi tsere daga Paris zuwa Madrid. Tun ranar farko direbobi da 'yan kallo suka mutu; Marcel Renault, ɗaya daga cikin masu kamfanin Renault, shi ma a ranar ya yi haɗarin da ya yi ajalinsa daga baya. Gwamnati ta tsayar da tseren a Bordeaux. Da aka zo babban tseren Le Mans a 1906, sai aka rufe hanyar, aka kafa shinge tsakanin motoci da jama'a.

Mu ma abin ya taɓa zuwa ƙofarmu. A 1974 wani tsere ya tashi daga Landan, ya keta Sahara ya iso Kano, sannan ya juya zuwa Munich a Jamus. Yawancin motocin a hamada suka maƙale. Mata biyu 'yan Faransa, a cikin Peugeot 504, su suka zo na biyu.

To 'yar'uwa, ki duba. Ƙwararru masu hular kwano da likitoci a gefe sun yarda cewa gudu da hanyar jama'a ba sa haɗuwa. Ina ga yaron da ya ari makulli jiya? Idan biki ya taso a gidanki, ki tambayi wanda zai tuƙa motar amarya. Ki yi wa maigida magana tun kafin makulli ya fita daga hannunsa. Ki hana ƙanana tsayawa kallo a bakin titi. Rai amana ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.