TSOHUWAR TARAKTA: A BINCIKA KAFIN A KWANCE

A gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, damana gajeruwa ce: ruwa kan zauna daga watan Yuni zuwa Satumba. Yawancin manoma da hauya da garmar shanu suke aiki, amma tarakta ɗaya tana iya ɗauke wa ƙauyuka da dama nauyi. Ita ke kai taki gona, ita ke huɗa a Gulbin Kaba, ita ke juya injin sussukar hatsi da kaka. Ranar da ta ƙi tashi, ko ta dinga tari tana karkarwa, ba mai ita kaɗai ke asara ba.

Galibin waɗannan taraktoci tsofaffi ne. An ƙera Massey Ferguson 135 daga 1964 zuwa 1975, yawancinsu da injin gazuwal na Perkins mai silinda 3. Kakarta, ƙaramar Ferguson TE20 mai launin toka, an yi ta a Ingila daga 1946 zuwa 1956, akasarinta da injin isansi mai silinda 4. Tsufa ba cuta ba ne. Abin da ya fi kashe irin wannan inji shi ne gaggawar kwance shi tun ba a gane ciwonsa ba.

Abu huɗu inji ke bukata: iska, mai, matsi da wuta. Makanikin kirki yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai araha, ya bar mai tsada daga ƙarshe.

ISKA DA MAI

Ƙasar yankin rairayi ce, hunturu kuma yakan zo da ƙura. Matacin iskar tsofaffin taraktoci yana da kwano a ƙasansa mai ɗauke da baƙin mai, wanda ke kama ƙura. In kwanon ya cika da laka, inji ya shaƙe ke nan: ƙarfinsa ya ragu, hayaƙinsa ya yi baƙi. A lokacin ƙura ya kamata a duba shi kowace safiya, a wanke, a zuba sabon mai daidai layin da aka yi masa.

Sai mai. Wanda ya daɗe a durom, ko aka saya cikin kwalba a bakin hanya, yana iya zuwa da ruwa ko yashi. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin tanki, inda ido ke iya ganinsa. A zubar da shi, a tace mai kafin a ɗura, a sauya matacin mai in ya toshe. Ɗan ramin da ke murfin tanki ma yakan toshe: inji ya yi aiki kaɗan ya mutu, in aka buɗe murfin ya farfaɗo.

WUTAR INJIN ISANSI

A injin isansi, wuta na fitowa daga batir, bobin ta ƙara mata ƙarfi, delko ya rarraba ta ga buji huɗu. Buji shi ne babban mai ba da shaida. In bakinsa ya yi ja-ja kamar ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙin kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya jiƙe da baƙin mai, zoben fiston ya cinye. In ya yi fari fat, mai ne bai isa ba. Tazarar bakin buji kusan milimita 0,6 ce, ta ƴan ƙarafan nan biyu masu haɗuwa da rabuwa cikin delko kuwa kusan milimita 0,4.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ƴar siririya a murfin delko ta isa raɓa ta shiga, wuta ta ɓace hanya. In inji yana aiki da sanyin safiya amma yana mutuwa in ya yi zafi, a tuhumi bobin. Wanda ya cire wayoyin buji kuma ya tuna jerinsu: 1, 3, 4, 2. In aka saɓa, inji sai harbi kamar bindiga.

INJIN GAZUWAL

Shi ba shi da buji mai tartsatsi. Fiston ne ke matse iska har ta yi zafin da gazuwal zai kama wuta da kansa. Saboda haka raunin batir yana hana shi tashi da sanyi, domin ba ya juyawa da saurin da ake bukata. Babban abokin gabansa iska ce a bututun mai, musamman bayan tanki ya ƙare ƙaf ko an sauya mataci. Maganinta a sassauta ɗan kusan da ke kan mataci, a buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. A maimaita a kan babban famfo.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi na nuna ƙarancin iska ko yawan mai. Fari na nuna man da bai ƙone ba, ko ruwa. Shuɗi na nuna inji yana cin baƙin mai. Gargaɗi: kada a tara hannu gaban man da ke fesowa daga bututun inji, domin ƙarfinsa yana huda fata. Babban famfo da allurorin feshi kuwa aikin gwani ne mai kayan gwaji, ba a buɗe su a gindin bishiya.

Sai an tabbata iska, mai da wuta suna lafiya, sannan a auna matsi, a yi maganar buɗe kan inji. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan noma suna da aiki a nan: su ajiye littafi ga kowace tarakta, a rubuta ranar juye da ranar sauya mataci. Ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, wannan amfanin karatu ne a fili. A yi binciken tun watan Afrilu, lokacin da akwai sararin aika a sayo kayan gyara a Maraɗi ko Damagaram, domin ruwan shuka ba ya jiran makaniki. Allah ya kawo damana mai albarka.