Lungu Da Motar Kashe Gobara

Duk wanda ya ga gobara a cikin tsohon gari ya san abin da ya fi ƙona rai, watau ga motar 'yan kwana-kwana ta zo da ruwa cike, amma ta tsaya a bakin titi domin lungu ya ƙi ta. Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba.

Ran 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a lungun Pudding cikin birnin London. Gidajen na katako ne, benayensu kuwa kowanne ya zarce na ƙasa, har na ƙetaren hanya suna kusan haɗa goshi. Famfunan kashe wuta na zamanin, waɗansu a kan ƙafafu, waɗansu jansu a ke yi a ƙasa, suka kasa ratsa taron masu gudu da kaya. Magajin Gari kuma ya yi nawar ba da umurnin a rushe gidaje a datse wutar. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje wajen 13,200 da majami'u 87.

Da ƙura ta lafa, Christopher Wren ya kai wa Sarki Charles na Biyu taswirar sabon birni mai faffaɗan tituna. Ba a bi ta ba, gama kowa fegin gidansa ya ke so a mayar masa. Sai dokar 1667 ta tilasta gini da jan bulo ko dutse, aka ɗan faɗaɗa waɗansu hanyoyi.

Har wa yau gardamar ba ta mutu ba. A wurare da yawa na Amurka ƙa'ida ita ce a bar wa motar gobara hanya mai faɗin ƙafa 20. Masu tsara gari kuwa suka ce faffaɗan titi shi ke sa direbobi gudu, su kaɗe masu tafiya a ƙasa. A 2017 birnin San Francisco ya sayi motoci masu ɗan ƙanƙanta domin su iya shan kwana.

Mu dai a ganinmu wannan dabara ta fi dacewa da lungunan Kano da Zariya. Lungu yana ba da inuwa, yana kuma rufa wa gida asiri, ba mu goyon bayan a rushe shi. Wanda mu ke kuka da shi shi ne mai fito da dakali ko rumfa ya cinye rabin hanya, alhali da hunturu motar nan gidansa za ta nema.